Karin Maganar da Ya Zo da Ita daga Kurmi

Yanzu a Tawa ba tabarya ke tashin mutum da safe ba. Kabu-kabu ne da injin niƙa, sai kuma salula, wayar hannun nan wadda ba ta san asuba ba balle azahar. Ina zaune a gidan ɗana, a ɗakin da suka ba ni kusa da ƙofa don kada tafiya ta yi mini yawa, kuma daga nan nake jin duk abin da ake yi ko ban so ba, domin Allah ya rage mini ido amma ya bar mini kunne. Jikata da aka yi wa aure bara tana nan tare da mu. Mijinta yana can Ankara ta ƙasar Gana yana sayar da albasa, ya ce zai zo ya ɗauke ta, shi ya sa ta duƙufa koyon Ingilishi. Faransanci aka koya mata a lakwal, wato makarantar boko, wannan kuwa a salula take ɗaukarsa. Wata mata ce a ciki mai magana ta hanci, sai ta faɗi abu ta yi shiru, jikata ta maimaita. Sun wuce gaisuwa da ƙidaya, yanzu karin maganar Turawan Ingila suke yi, irin wadda suke jefawa a hirarsu ta yau da kullum. Rannan ina tsinke zogale ina saurare da rabin kunne, sai matar ta faɗi wani abu da ya sa na ajiye faifai. Kafin jikata ta buɗe baki na riga ta. Na ce, "No niyus, gud niyus."

Ta juyo ta saki baki tana kallona. Ta ce, "Kaka, ke ina kis san wagga magana?"

Na ce, "Tun ba a haihi ubanki ba nis san ta. Rashin labari shi na labari mai daɗi. Ko ba hakanan anka hwassara maki ba?"

Ta yi ta dariya har da tafi, ta ruga ta gaya wa uwarta wai ashe tsohuwa ta iya Turanci aka bar ta tana tsinkar ganye. Ni ban yi dariya ba. Maganar nan ta cinye mini shekarun da suka fi kowaɗanne kyau a rayuwata, kuma har yau in na ji ta sai bakina ya yi ɗaci.

Garin da aka kai ni aure na fari yana arewa da Kalfu, bisa tudun duwatsu, inda in ka sa hauya sai ta yi ƙara kafin ta sami ƙasa. Ba gari ne da ke ciyar da mutanensa shekara ta zagayo ba. Da an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, sai maza su fara ɗinkin jaka, su tafi bida, wato neman kuɗi. Wasu Kano, wasu Ikko, amma masu zuciya Kurmi suke nufa, wato ƙasar Gana da dazuzzukanta, inda aka ce ruwan sama ba ya ɗaukewa. Gari ya koma na mata da tsofaffi da awaki. Na fi tuna shi da kunne. Da asuba lugude ne daga kowane gida, har kana iya gane hannun kowace mace, wadda ta tashi da fushi da wadda ta tashi da ciwon baya. Daga nan sai kukan igiya a bakin itacen rijiya, rijiyar da sai ka ja har tafin hannu ya yi kanta kafin wasaki, gugan fata, ya leƙo. Da rana shiru, sai kurciya da tarin tsofaffi a inuwa. In rumbu ya fara nuna gindi, mu hau dutse tsinkar anza, mu jiƙa ta kwana da kwanaki muna sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Buzaye su sauko daga arewa da cuku da gishiri mu yi musaya da ɗan abin da ya rage. Yaran yanzu in famfo ya ɗauke na wuni guda sai ka ji gida ya kaure da ƙorafi, ni dai kallonsu nake yi.

Maigidana na fari, wanda ko yanzu da ba ni da haƙori ba zan kama sunansa ba, yana cikin masu zuwa Kurmi. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kuma Allah ya yi shi da surutu. Dako yake yi a kasuwar Kumasi. Sauran maza in sun dawo gab da damina, tsarabarsu atamfa ce da sabulu da goro. Shi ma yana kawo waɗannan, amma babbar tsarabarsa magana ce. Bai taɓa shiga lakwal ba, bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, sai dai kunnensa tarko ne. Abin da ya ji daga bakin akawuna da direbobi da matan kasuwa sai ya riƙe, ya bi wani ya fassara masa, ya ƙullo ya kawo gida. Bayan la'asar, in an taso daga gona, sai ya zauna a kan turmin da na kifar, ina tankaɗe yana zuba. Ya ce wai su can in ruwa ya kece sai su ce ana ruwan kyanwoyi da karnuka. Na ce to Allah ya tsare mu da daminarsu, mu a ba mu na hatsi. Ya ce in abu ya yi tsada, sai su ce ya ci hannu da ƙafa. Na ce wannan kam sun yi gaskiya, na ga ƙafarka. Ya ce abin da ba a cika gani ba, sai su ce sai ran da wata ya yi shuɗi. Ya ce ba a kuka a kan madarar da ta zube. Nan uwarsa, wadda nake kira Inna, ta sa baki daga bakin ɗakinta ta ce wanda ya faɗi haka bai taɓa tatsar akuya a bazara ba. Akwai wadda ta fi ba ni haushi, wai in mutum ya mutu sai su ce ya shuri guga. Na ce mutanen da ke wasa da mutuwa da guga a baki ɗaya, ba su san ɗaya daga ciki ba. Ya yi ta dariya har turmin ya nemi kayar da shi.

Gaskiya ina son abin. Ina yi masa tsiya ne kawai don ya ƙara. Duk matan garin nan ba wadda mijinta ke zama ya yi hira da ita da rana tsaka, sai ni, har ana ce mini matar Bature. In na je rijiya sai wata ta ce, "Matar Bature, yau mi anka ce cikin Turanci?" Ni kuma in gyara ɗaurin zane in jefa musu ɗaya. Yarinya ce ni, kaina yana rawa, ina ganin duk maganar da ta tsallako daji da kogi ta iso garinmu dole ta fi tamu nauyi.

A wancan zamani ba waya, wasiƙa kuwa sai ka nemi mai rubutawa can, a nemi mai karantawa nan, saboda haka da sallahu muke rayuwa, wato saƙon baki. Duk wanda zai dawo gida, sai ya zaga 'yan garinsu a zango ya karɓi maganar kowa. In ya iso, ba zai kwana biyu ba sai ya bi gida gida, ya tsuguna a zaure ko a bakin darni ya sauke abin da aka ɗora masa: wane yana gaida uwarsa, ya ce a sayar da tunkiya a gyara rumbu, wane ya ce ƙafar ta warke. Amana ce babba, wanda ya ci sallahu ba ya sake ɗaga kai a gari. Amma akwai saƙo ɗaya da yake da tasa doka, shi ne na mutuwa. Ba mai faɗin mutuwar ɗan bida sai wanda ya tsaya a bakin kabarinsa ya zuba ƙasa da hannunsa. Ko mutum goma ne suka gaya maka, in ba ka gani ba, ka kama bakinka. Tsofaffi suna cewa ba a kashe mutum da baki. Dokar tana da dalili, don an taɓa yi wa wani sadakar uku da ta bakwai, matarsa ta yi takaba ta yi wani aure, sai ga shi ya sauko daga mota da akwati a ka. Tun daga nan gari ya ɗaure wannan magana tamau. Na taso na tarar da ita, ban taɓa tunanin a kaina za ta ƙare ba.

Shekarar da zai yi tafiyarsa ta ƙarshe damina ba ta yi kyau ba, hatsin da muka samu ko rabin rumbu bai kai ba. Ba mu daɗe da binne ɗan da na fara haifa ba, wanda bai kai ga yaye ba. Maigidan ya ce dako ya daina biya, wannan karon zai wuce Kumasi ya shiga cikin daji, gonakin koko, inda aka ce ana neman masu ƙarfi. Can kuwa babu 'yan garinmu. Da safen da zai tafi na kawo masa fura a ƙwarya, ya sha ya miƙo mini saura, Inna tana zaune a gefe tana kaɗi.

Na ce, "To in ka shiga dajin, wa za ya kawo muna sallahunka?"

Ya ce, "Babu. Shi ya sa zan bar maki wata magana, ki riƙe ta da kyau. Turawa sun ce rashin labari shi na labari mai daɗi. Mugun abu na ad da ƙahwa, shi ka gudu shi iske mutum har gida. In kin ji shiru, ki san lahiya lau nike, aiki na yar riƙe ni."

Ya faɗe ta da Turancin, ya sa na maimaita har ta zauna a bakina, yana dariyar yadda nake murɗa ta. Inna ba ta ɗaga kai daga mazarinta ba. Ta ce, "Mu dai nan abin da munka sani, shiru ma magana ta." Ya ce, "Inna ke nan," ya ɗauki jakarsa. Na raka shi da ido har ya sauka gangaren dutse shi da babban abokinsa, wanda suka tashi tare tun suna kiwon awaki.

In gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, matan 'yan bida sun san abin yi. A yi daɓen ɗaki, a wanke tabarmi, a yi kitso, a ƙunsa lalle hannu da ƙafa. Na yi duka. Maza suka dinga isowa biyu biyu, uku uku, guɗa tana tashi daga gida zuwa gida, namu shiru. Abokinsa ya zo ya tsuguna a bakin darni, ya ce sun rabu lafiya a Kumasi, maigidan ya shiga mota ya yi yamma, ya ce a gaida Inna. Na ce madalla. Ni da Inna muka yi shuka, muka yi noma, na riƙe hauya har kafaɗata ta koma ta namiji. Da damina ta biyu ta zo na sake ƙunsa lalle. Abokin ya sake zuwa, amma wannan karon bai daɗe a tsugune ba, kuma ƙasa yake kallo yana tonon ta da tsinke. Na tambaye shi ko an ji wani abu. Ya ce, "Ai ke kin san maganatai. Rashin labari." Na ƙarasa masa sauran da kaina, har ina murmushi. Haka aka yi ta yi. Kowace shekara wanda duk na tare da tambaya, da wannan maganar yake sallamata, domin duk garin an san ta, ni na koya musu ita a bakin rijiya. Na lura maza sun daina yi mini wasan matar Bature. Na lura in na doso inuwar da suke zaune sai hira ta mutu. Na ɗauka tausayi ne na matar da miji ya daɗe.

Abin da ke cin raina a shekarun nan abu ɗaya ne, in san matsayina. Matar aure ce ni, ko sakakkiya, ko matar mamaci? Kowace daga cikin ukun tana da hanyar da za ta bi, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Sa'o'ina suna goyo suna yayewa, wadda aka kai ɗaki bayana har ta yi na uku. Ni ina kwana ni kaɗai, ina tashi in yi wa Inna daka, ga idonta ya fara rufewa da yana har ta kai sai na kama hannunta na kai ta bayan gida. In zuciyata ta fara raya mini mugun abu, sai in jawo maganar nan in toshe ta da ita. A turmi ma da ita nake lugude. Ta zame mini kamar ƙullin maganin da ake ratayawa a wuya, ba ka san abin da ke ciki ba amma ba ka yarda a cire.

Ana nan sai mahaifina ya zo daga garinmu a kan jaki. Mutum ne mai sanyin magana, bai saba shiga sha'anin gidan 'ya'yansa ba, saboda haka da na gan shi na san abin ya kai masa ko'ina. Ya gaisa da Inna, ya kira ni gefe. Ya ce ya yi shawara da malamai, shari'a ta ba macen da mijinta ya ɓace dama ta je gaban alƙali a Tawa a raba auren. Ya ce akwai mai nema, mutumin kirki.

Ya ce, "Ɗiyata, ƙuruciya ba ta jiran kowa. Rana ta kai tsaka, ki shanya garinki."

Na ce, "Baba, shina da rai. Da wani abu ya same shi da mun jiya. Shi da bakinai yac ce in na ji shiru lahiya ta."

Ya ce, "Wagga magana ta wa ta?"

Na ce, "Ta Turawa ta."

Ya ce, "Su Turawan da sunka yi ta, suna da mai kai masu takarda har ƙohwar gida, shi ya sa shirunsu ka da ma'ana. Ke wa ag gare ki?" Duk da haka ban bi shi ba. Inna da kanta ta ce in tafi, ba za ta riƙe ni da haƙƙi ba. Na ce ba inda za ni. Ya hau jakinsa ya koma, mai neman kuma ya auri wata kafin kaka.

In na dubi jikata sai in rasa abin da zan ce. Mijinta yana kiran ta safe da yamma, har fuskarsa take gani yana cin abinci. Ran da ya wuni bai kira ba, kuka ta zauna yi, ta kira abokinsa, ta kira mai gidan da yake haya, kafin magariba an gano salularsa ce ta faɗa ruwa. Na ce mata da ke ce ni da kin haukace tun damina ta fari. Amma ban ce zamaninsu ya fi namu a komai ba. Yanzu mutum yana mutuwa, kafin a rufe masa ido an watsa hotonsa, uwarsa tana tsakar kasuwa za ta ji daga bakin yaron da bai san sunanta ba. An yi haka a unguwar nan, matar ta faɗi a gaban mai tumatir. Su labari ya yi musu yawa har ya daina nauyi, mu kuwa an riƙe mana shi da ladabi har ya ruɓe a hannun masu riƙon. Ban san wanne ya fi muni ba, na dai san wanda na ɗanɗana.

Abin ya zo ƙarshe ne shekarar da hukumar Gana ta kori baƙi. Bayan girbi ne, maza ba su daɗe da tafiya ba, sai labari ya zo wai an ce duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya fita. Gari ya ruɗe, tsofaffi suna salati, mata suna kukan abin da za a ci. Ni kaɗai ce na yi murna, kuma ba zan ɓoye ba, murna na yi har cikin raina. Na ce to yanzu ko yana so ko ba ya so, za a tono shi daga dajin nan a turo mini shi gida. Na yi daɓe ba lokacin daɓe ba, na yi kitso, na ƙunsa lalle. Manyan motoci suka dinga sauke mutane a Tawa, suna ƙarasowa gari a ƙafa, wasu da tabarma kawai, wasu ko takalmi babu. Har waɗanda aka manta da su suka dawo, wani da furfura, wani da mata 'yar can da yara masu wani yare. Kullum ina bakin gangare da tulu a ka kamar mai zuwa rijiya. Sai da ƙafa ta ɗauke, aka daina isowa.

Wata safiya ina surfe, sai na ji sallama a ƙofar gida. Liman ne da mai gari da abokin maigidana, da wani baƙo ramamme mai tari. Ganin liman da mai gari tare a gidan da ba namiji ya ishi mai hankali. Na ajiye tabarya. Aka shimfiɗa musu tabarma, na kamo Inna na zaunar da ita. Baƙon ya ce shi mutumin wajen Bambeye ne, tare suka yi aikin koko da maigidan. Ya ce zazzaɓi ne ya kama maigidan, na kwana kaɗan, ya rasu da kalmar shahada, shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari da hannunsa. Inna ta ce, "Yaushe?" Ya ce tun daminar farko da suka shiga dajin, ko girbin koko bai gani ba. Ya ce shi ma ciwo da rashin abin mota ne suka riƙe shi, amma ya aika da baki zuwa zangon Kumasi tun a lokacin, a gaya wa 'yan garinsu.

Na juya na dubi abokin. Ban taɓa ɗaga murya a gaban liman ba, ran nan ma ban ɗaga ba. Na ce, "Kun jiya?"

Ya ce, "Mun ji ƙishin-ƙishin. Amma ba wanda yag gani da idonai cikinmu. Kin san doka, ba a kashe mutum da baki."

Na ce, "Shi ba ku kashe shi da baki ba. Ni fa?"

Mai gari ya ce a yi haƙuri, yaran sun bi abin da suka tarar ne. Kuma gaskiya ne, ba wanda ya yi mini ƙarya ko sau ɗaya. Duk wanda na tambaya, maganar mijina ya maido mini, ni kuma na karɓa na gode. Sun samu inda za su ɓuya, ni na gina musu wurin da bakina. Na ji haushinsu, na ji haushin marigayin da ya bar mini ita, amma haushin kaina ya fi, domin Inna da mahaifina duk sun faɗa mini gaskiya da Hausa ban ji ba.

Da aka shafa fatiha na tambayi liman yadda zan fara takaba, don a raina na ce ko ba komai zan zauna masa kwanakin nan, in cire 'yan kunne, in bar kwalli, a zo a yi mini gaisuwa kamar kowace matar da ta rasa miji. Liman ya yi gyaran murya. Ya ce takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da aka ji ba. Ya ce tawa ta cika tuntuni, ta wuce ban sani ba, babu wani zama a kaina.

Na ce, "To mi zan yi, Malam?"

Ya ce, "Babu komi, ɗiyata. Ki yi mashi addu'a. In wani ya hito gobe, halal ta ki yi aure."

Wannan ta fi mini labarin mutuwar zafi. Ashe lokacin da ya kamata in zauna a ɗaki da baƙin zane, ina can ina kitso ina leƙen hanya. Mata suka shigo gaisuwa, amma gaisuwar ta Inna ce, ita ta rasa ɗa. Ni ba su san abin da za su ce mini ba, wasu suka ce sannu, wasu suka dubi jan lallen da ke hannuna suka kau da kai. Na tura hannuwan cikin zane na zauna a bayan ƙofa.

Bayan sadakar uku mahaifina ya zo da jakuna biyu. Wannan karon bai yi shawara da ni ba, ya ce in haɗa kayana. Na shiga wurin Inna na durƙusa, na ce ni ba zan bar ta ba, wa zai ja mata ruwa, wa zai kama hannunta. Ba ta da kowa sai wata 'yar ƙanwarta a can ƙarshen gari, mai fama da nata yaran. Inna ta lalubo kaina ta dafa. Tun da na zo gidan ba ta taɓa kiran sunana ba, ran nan ta kira.

Ta ce, "Tashi ki bi ubanki. Aure ya ƙare tun ba mu sani ba. Shekarun ga duka baƙuwa ta ka yi mani daka, ban da abin biyan ki, kuma ba ni ƙara ko kwana guda bisa kaina."

Aka ɗaure tukwanena da tabarmata a kan jaki. Na fito tsakar gida, sai na ga hatsin da na jiƙa da safe yana nan a ƙwarya, rana ta ɗaga, ba ta sa komai a bakinta ba. Na ce wa mahaifina ya ɗan jira, na jawo turmi. Inna ta ji ƙarar jan turmin daga inda take zaune a bakin ɗaki. Ta ce mene ne. Na ce bari in kirɓa mata furar yau kafin in tafi.

Ta ce, "Bar shi. In kin yi ta yau, wa za ya yi ta gobe? Miƙo mani tabaryar, gara in hwara koyo tun kina nan."

Na sa mata tabaryar a hannu. Muna sauka gangaren ina jin dakanta a bayana, tana bugu ɗaya a cikin turmi, ɗaya a gefensa.